Batirin da Na Hana Mutiu Saye

Oke-Ado, Ibadan

Zuwa ga ƙanwata Falilatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ke da mijinki Baba Kafilatu da yara, Ya kuma sauƙaƙa muku sanyin Ingila. Mu nan muna lafiya. Ciwon gwiwar tsohuwarmu Iya Agba ya lafa, har ta koma zuwa masallaci da ƙafarta.

Na rubuto ne don in amsa laifin da na yi miki ba ki sani ba. Tun da ɗana Mutiu ya shiga wannan sana'a ta sayen kuɗaɗen ƙasashe da safe a sayar kafin yamma, babu abin da nake ji a gidan nan sai zancenki, "Anti ta ce". Anti ta ce kwamfutar tafi-da-gidanka ba za ta ɗauki aikin ba, a sayi babba ta kan tebur. Anti ta ce allo biyu, ɗaya na kallon farashi, ɗaya na ciniki. Anti ta ce ƙwaƙwalwa mai sauri, kuma a jona intanet da waya, kada a dogara da salula. Na san a wurin mijinki kika koyi wannan, kuma na san gaskiya ne. Amma ni da na goya yaron nan ina soya dodo, wato ayaba, a bakin titi, sai ga shi ina kawo masa amala yana ɗaga mini hannu in dakata, wai Anti na magana. Na yi ta ce masa sana'ar tana kama da caca. Yau ina tambayar kaina, tsoron Allah ne ya sa na faɗa, ko kishinki?

Ranar saye na bi shi kasuwar Dugbe. Mai shagon, wani mai barkwanci, ya yi ta zolayata, wai Alhaja ta zo duba sadakin surukarta, tunda wannan akwatin ce matar Mutiu daga yau. Da aka zo kan batirin da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, Mutiu ya ce shi ne abin da kika fi jaddadawa. Nan na tsaya kai da fata. Na ce ke kin daɗe da barin ƙasar, kin manta janaretan babansa na nan garau, kuma ni da hannuna zan riƙa tayar masa. Mai shagon ya yi dariya, ya ce Alhaja ko barewa ce ke, wuta ta riga ki. Mutiu ya dubi ƙasa, ya bi maganata. Abin da nake so kawai, ya zama akwai abu guda a ɗakin nan wanda ba daga gare ki ya fito ba.

Kin san al'adarmu, sabon abu ba ya fara aiki sai uwa ta ɗora hannu ta yi addu'a. Da aka haɗa kayan, ya kwanta rub da ciki ya gaishe ni kamar yadda ya saba, sannan ya kira ki a waya, ya ce Anti ce za ta fara addu'ar. Na ce amin da baki. Zuciyata ba ta ce ba.

Ba a jima ba abin ya faru. Ina sallar azahar aka ɗauke wuta, yana tsakiyar ciniki. Na ji ya kira "Mami!" sau ɗaya, da ya ga ina ruku'u sai ya ruga wurin janaretan da kansa. Kafin ya tayar da injin, kwamfutar ta farfaɗo, farashi ya juya masa baya, abin da ya daɗe yana tarawa ya tafi. Daga baya na ji yana gaya miki wai shi ne ya manta da batirin, ke kuma kina ce masa mai kan kwakwa. Ya ɗauki zaginki a kaina, Falilatu. Ni ce.

A kan sallaya na yi wa Allah alkawari: zan sayo batirin, zan gaya miki gaskiya, kuma ranar da za a jona shi zan bar ki ki fara addu'a, in ce amin har cikin zuciya. Na sayar da aso-oke, zanen saƙi na bikina, batirin ya iso ranar Asabar. Gaskiyar kuma ga ta a hannunki.

Ki gaishe mini da Baba Kafilatu, da Kafilatu, da ƙaramin Sodiƙ. Iya Agba da Mutiu suna gaishe ku.

Saura alkawari na uku. Da Mutiu ya ajiye kwalin a gabana, ya ɗauko waya yana neman lambarki, sai na ga hannuna a kan batirin, bakina ya riga ya fara Bismillah. Na idar kafin ki ɗauka. Ban cika alkawarin ba. Ki yi mini addu'a.

Yayarki,
Sidikatu, Iya Mutiu