Hoton Mahaifina a Gaban Gangunan Barasa

Zuwa ga Alhaji Sabo Ɗangarba, shugaban kamfanin shirya tafiye-tafiye da ke Gaithersburg, Maryland.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka, ina gaida Hajiya da yara, da fatan ana cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya ƙara buɗi a kasuwa.

Sunana Hadiza Isiyaku, ina zaune a Woodbridge, aikina harhaɗa magunguna a wani asibiti cikin Washington. Ka san ni, ka san maigidana, mun sha haɗuwa wurin buɗa-baki da suna. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na kira ka a waya, na yi tattaki har ofishinka, maigidana ma ya tare ka bayan sallar Juma'a, duk amsa ɗaya muke samu, wai ana dubawa. Shi ya sa na rubuta wannan wasiƙa a zauren da 'yan gida na Virginia da Maryland da Washington suke karantawa. Ban ambaci sunan kamfaninka ba, amma duk wanda ya taɓa sayen tikitin zuwa gida ko na Umara a yankin nan ya san wurin da nake nufi.

Ga waɗanda ba su san asalin maganar ba: mahaifina, Malam Isiyaku, ya zo daga Maƙarfi bara domin a cire masa yana a idon dama. Manomin rake ne tun tasowarsa, da mazarƙwaila ya biya mana kuɗin makaranta, kuma shi ne na'ibin limamin masallacin unguwarmu. Aikin ido ya yi kyau. Da ya fara gani tangaran, sai zaman gida ya ishe shi. Ni da maigidana mukan fita tun kafin gari ya waye don mu tsere wa cunkoson titin 95, yara suna makaranta, in sun dawo ma ya yi musu Hausa su amsa masa da Turanci. Wuni yake a bakin taga yana kallon motocin maƙwabta. Na so in kai shi wani wuri da zai ga ƙasa da shuka kafin ya koma, sai na ga tallan da kuka manna na tafiyar rukuni zuwa tsibirin Puerto Rico, wanda kuka ce mai bizar Amurka ba ya bukatar wata biza. A cikin shirin akwai yawon wuni guda a motar jif, zuwa gonar rake da magangarar ruwa a cikin duwatsu. Da na karanta wa Baba, kalmar rake kawai ya ji, ya ce a rubuta sunansa.

Yanzu ga abubuwan da nake so ka amsa.

Na farko. Ranar da na zo ofishinka, tambayoyi uku na yi maka, kuma da Hausa muka yi magana, ba za a ce Turanci ne ya shiga tsakani ba. Na tambayi abinci, na tambayi wurin salla, na tambayi yanayin hanya saboda idon Baba bai daɗe da warkewa ba. Ka ce abinci kifi ne da shinkafa, salla duk inda aka tsaya za a yi, hanya kuwa sumul take sai ɗan gargada kaɗan. Da na ƙara da tambayar wace irin masana'anta ce tallan ya ce akwai a gonar, ka ce: "Wurin matsar rake ne irin na da, Malam zai ji kamar yana gida." Ka ƙara da cewa kai da kanka ka je wurin har sau biyu. To Alhaji, wanda ya je sau biyu ya san abin da ake yi a wurin. Matatar barasa ce. Raken da ake matsewa, tsima shi ake yi a dafa a fitar da barasar da suke kira ram. Tun daga bakin ƙofa warinta yake tarar mutum. Za ka iya cewa me ya hana ni bincika wurin da kaina. Abin da ya hana ni shi ne kai ne ka faɗa, Musulmi ɗan'uwana, wanda yake kai mutane Makka.

Na biyu, hanya. Wadda ka ce sumul take, jif ɗin sai da ya ratsa rafi, ya hau tudu mai laka, ya riƙa tsalle a kan duwatsu har kawunanmu suna bugun ƙarfen rufi. Na rungume kan Baba a kafaɗata kusan duk tafiyar ina addu'a kada wani abu ya taɓa idon. Allah Ya tsare. Ba zan tsawaita a nan ba tunda ba a yi asara ba, amma abu na biyu ke nan da ka faɗa mini ya zama ba haka ba.

Na uku, kuma nan ne zuciyar maganar. Da muka isa gonar, Baba ya yi farin cikin da ban ga ya yi ba tun zuwansa ƙasar nan. Ya shiga cikin raken, ya shafa ganye, ya auna kaurin kara da yatsunsa, ya tsuguna ya damƙi ƙasa ya murza. Ya sa ni na tambayi ma'aikatan wata nawa rakensu yake yi kafin sara. Daga nan ɗan jagora ya kora mu cikin wani dogon ɗaki mai duhu, an jera gangunan katako tun daga ƙasa har rufi. Ni na gane inda muke, na juya ina neman hanyar fita, sai ƙaramar 'yata ta ce fitsari ya matse ta, na kai ta bayan gida na bar Baba zaune a kan benci. Kafin in dawo an raba wa kowa ɗan ƙaramin kofi. Baba ba ya jin Turanci balle yaren mutanen tsibirin, an miƙa masa abu a gonar rake, ya karɓa da hannu biyu kamar yadda baƙo yake yi. A daidai lokacin ne ƙaninka Nura, wanda ka haɗa mu da shi a matsayin wakilin kamfani, ya matso da kyamara ya ce masa da Hausa: "Baba, ɗaga kofin sama, yi murmushi." Ya ɗaga, ya yi murmushi, aka ɗauka. Sai da ya kai kofin kusa da hanci sannan ya ajiye shi a ƙasa, ya tashi ya fita, ya je ya tsaya a gindin wata bishiya yana goge hannunsa da gefen riga. Ko ɗigo bai taɓa leɓensa ba. Mutum sama da goma da muke tare shaida ne.

Nura ya san abin da ke cikin kofin nan. Ba yaro ba ne, yana da mata da 'ya'ya, kuma ba zuwansa na farko ba ke nan. A cikinmu akwai matasa masu wando da riga, akwai wasu ma'aurata 'yan wata ƙasa da suka sha abinsu hankali kwance, ba ruwana da su. Bai ce wa kowa ya ɗaga kofi ba sai dattijo mai farar gemu da hula da babbar riga. Na yi ta juya wannan a raina, ban sami wata fassara ba sai guda ɗaya: hoton ake so, irin wanda zai sa duk Musulmin da ya gani ya ce ai ga malami ma ya je, wurin ba laifi.

Na huɗu. Mun daɗe a matatar nan fiye da ko'ina, mafi yawan lokacin a shagon sayar da kwalabe, mu da ba ma saye muna zaune a rana muna jira. Na lura duk wanda ya sayi kwalba daga rukuninmu, mai shagon sai ya dubi igiyar da kuka rataya mana a wuya mai tambarin kamfaninka, ya yi wata alama a gefe. Da za mu tafi, Nura ya shiga ofishin wurin shi kaɗai. Ban ga abin da ya gudana a ciki ba, ba kuma zan rantse a kan abin da ban gani ba. Tambaya nake yi: kamfaninka yana samun kamasho a kan barasar da matafiyanka suka saya? Idan a'a ne, ka faɗa a nan inda kowa zai gani, zan nemi afuwarka a nan ɗin. Magangarar ruwan da ita ce rabin abin da aka tallata, da ƙyar muka samu muka jiƙa ƙafa aka ce a koma mota rana ta yi. Zan faɗi gaskiya, wurin yana da kyau ƙwarai. Baba ya yi alwala da ruwan, ya wanke hannunsa ya sake wankewa, ya yi sallar Azahar da La'asar a kan wani faffaɗan dutse, sannan muka koma otal.

A daren na sami Nura na roƙe shi ya goge hoton. Ya danna kyamara a gabana, ya ce ya tafi.

Na biyar. Bayan Baba ya koma gida da 'yan makonni, ƙanena ya kira ni daga Maƙarfi yana tambaya ko na ga abin da yake yawo a wayoyin mutane. Hoton ne, an ɗauko shi daga shafin kamfaninka, ga Baba da kofi a sama, ga ganguna a bayansa da rubutun da duk ɗan makaranta zai iya karantawa. A ƙasa kun rubuta cewa tafiyarku ta dace da kowa, yaro da babba. Wani da ba ya tsoron Allah ya ƙara nasa rubutun a kai, wai ga abin da malaman gari suke zuwa yi a Amurka. Da na kira ka, ka ce kuskuren mai kula da shafin ne, aka cire. A sallar Layya da ta wuce, a filin Idi, ɗana ya kawo mini takardar tallanku da ake rabawa a bakin ƙofa, yana murna wai ga Kaka. Hoton ne dai, an yanke gangunan, an bar kofin. Wanda ya zauna ya yanke hoto ya san abin da yake ɓoyewa, kuma mai kula da shafi ba shi ne yake biyan kuɗin buga takarda ba.

Na shida. Ka gaya wa maigidana cewa ruwan rake ne zalla a kofin, ni ce na ɗauki abin da zafi. Alhaji, aikina ke nan, kullum hancina yana kan kwalabe, na san warin barasa. Kuma ba ni ce ta farko ba. Hajiya Memuna, 'yar Kumasi da take aikin jinya a Gaithersburg, ta ba ni izini in ambace ta. Ta bi wannan tafiya da 'ya'yanta shekara guda kafin mu, ta dawo ta zauna a ofishinka ta gaya maka inda aka kai su, ka ce mata ba ka sani ba, ka yi alkawarin cire wurin daga shirin. Saboda haka ranar da kake gaya mini Malam zai ji kamar yana gida, ƙorafinta yana kunnenka.

Ga halin da ake ciki yanzu. Liman bai tuhumi Baba ba, dattawan unguwa ma sun ce sun san shi. Shi ne da kansa ya ja baya. In liman ba ya nan aka ce ya shiga gaba, sai ya tura wani, ya ce ba zai ja salla ba alhali akwai mai shakka a bayansa. Mutumin da ya shekara sama da ashirin a sahun farko, yanzu sai an tayar da iƙama yake shigowa ya tsaya a ƙarshe. Bai taɓa ce mini ke kika ja ba, da ya faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Idonsa na hagu kuma yana ta rufewa. Likita ya ba mu lokacin yi masa aiki a farkon bazara, Baba ya ce ba zai sake taka ƙasar nan ba, ido ɗaya ya ishe shi karatun Alƙur'ani. Na roƙe shi, yayyena sun roƙe shi, ya ce a bar maganar.

Abin da nake nema a wurinka ba kuɗi ba ne, kada ka aiko mini da ragin tikiti kamar yadda ka yi wa maigidana tayi. Ina so ka janye duk takardun da ke ɗauke da hoton mahaifina, ka goge shi daga duk inda kuka ajiye. Ina so ka rubuta a tallanka, da Hausa da Turanci, cewa yawon nan yana biyawa ta matatar barasa, wanda ya ga zai je ya je da saninsa. Ina so ka amsa tambayar kamasho. Mafi girma a wurina, ina so kai da Nura ku naɗi muryarku da Hausa, ku faɗi sunayenku, ku faɗi cewa Malam Isiyaku bai san abin da aka miƙa masa ba, ku kuka sa shi ya ɗaga, kuma bai sha ba. Ƙanena zai kai wa liman a saurara bayan sallar Magariba. Maganata ba ta isa ba, domin kowa zai ce 'ya ce take kare ubanta. Taku ce za ta yi aiki.

'Yan'uwa da kuke karantawa, ban ce kowa ya daina hulɗa da Alhaji Sabo ba. Na dai ce duk wanda zai ɗauki iyayensa zuwa irin wannan yawo, ya nemi sunan kowane wurin da za a tsaya, ya duba da kansa, kuma kada ya bar tsoho shi kaɗai da mai kyamara.

Alhaji, ina roƙon Allah Ya tsarkake maka dukiyarka, Ya rufa maka asiri duniya da lahira, Ya ba ka 'ya'yan da za su tsaya maka ranar da ƙarfinka ya ƙare. Asibiti sun ce in tabbatar musu da zuwan Baba kafin ƙarshen watan gobe, in ba haka ba su ba wani gurbin. Ban kira su ba tukuna. Ina jiran muryarka.

Wassalam.

Hadiza Isiyaku
Woodbridge, Virginia