Tsohuwar Da Kwamfutarku Ta Kwantar

Zuwa ga Shugaban asibitin da aka zaro mani gudan jini.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ranka ya daɗe, ga kacici-kacici: wace tsohuwa ce ke riga zakara tashi, ta wuni bakin wuta, amma in baƙo ya tambaya a ce ko tsinke ba ta ɗagawa? Riƙe shi tukuna.

Ni ce Inna Kulu, mai bandar kifi a Wara. Sati biyu bayan ƙaramar salla na zo birninku sunan jika, ina cikin alwala ɓarin jikina na hagu ya shanye. Likitocinku suka zura waya ta cinyata har kai, suka jawo gudan jinin kamar mai zaro tarwaɗa daga rami. Wannan kam Allah ya saka da alheri. Kukana a kan abin da ya biyo baya ne.

Na ɗaya. Ina kwance baki a karkace, aka tambayi ɗana Sani ko kafin ciwon ni nake yi wa kaina girki da wanki. A gaban surukansa fa! Wane ɗan halak zai ce uwarsa mai furfura ke faskare? Ya ce komai yi mani ake. Ƙarya ce, amma ƙaryar tarbiyya, ni na koya masa ita. Aka rubuta cewa dama can ni kaya ce.

Na biyu. Aka zuba wannan magana a kwamfuta tare da shekaruna da hoton ƙwaƙwalwata, wai ta faɗi yadda zan kasance bayan wata uku. Baiwar Allah ta ce ba zan ƙara takawa ba. Ban ga laifinta ba, abin da aka ɗura mata ta amayar. Amma da maganarta aka soke sunana daga masu zuwa gashi, inda ake motsa wa masu shanyewar jiki gaɓɓai, wai gurbi kaɗan ne, sai waɗanda ake sa ran tashinsu.

Na uku, kuma shi ya fi ci mani rai. Ranar Litinin da ta wuce na tako da sanda tun daga bakin ƙofarku har tagar masu kati. Mai tagar ta dubi takarda, ta shaida mani ba na iya tafiya. Ina tsaye a gabanta, ranka ya daɗe.

Ƙafa ta dawo, hannun ne ya ƙi. Yatsun kullum ƙara naɗewa suke, kuma da hannu ɗaya ba a juya kifi a kan wuta. In ya sandare, sana'ar da na gada daga uwata ta ƙare.

Don haka ina roƙo a mayar da sunana cikin masu gashi. A kuma daina tambayar ɗa aikin uwarsa a gaban jama'a. A kira matarsa gefe, ko a dubi kantar da ke tafin tsohuwar. Litinin mai zuwa ina nan bisa bencinku, da suna ko babu, kuma na iya zama.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya ba ka ɗiya masu rufa maka asiri irin nawa. Wassalam.

Inna Kulu, Wara.

Amsar kuwa: duk uwar da ta haifi ɗa mai kunya ce. A yankinmu, daga Shanga har Ngaski, kowane gida da irinta.