Rumfar da Aka Zana Babu Murhu

Zuwa ga Injiniyan da ya zana sabuwar rumfar tamfol ta kasuwarmu ta bakin gulbi, hanyar Lolo.

Ranka shi daɗe, a wace kasuwa ka taɓa cin soyayyen kifi ba a hura wuta ba?

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ɗan mai suyar kifi ne. Ban wuce sakandare ba, amma duk abin da ya faɗo wayata sai na karance shi tas. Ranar da ka zo nuna zane ina sahun gaba. Ka buɗe kwamfuta, muka ga rufin an yayyanka shi ƙanana-ƙanana kamar idon taru, kowane ido an lissafa ƙarfin jan da zai ɗauka. Ka sakar masa iska, ya yi shuɗi, ka ce lafiya. Ka zuba masa ruwan sama, ko gezau. Muka yi ta tafi, har da ni, Allah shi gafarta mini.

Na ɗaya. Rumfa ta tashi, ta yi kyau, har mutanen Benin na tsayawa ɗaukar hoto. Sai ga doka: ba a hura wuta ƙarƙashinta, wai zafi na sassauta tamfol, kuma ba ya cikin lissafi. Na koma na yi karatu. Ashe lissafin nan abin da aka ba shi yake ci. Na'ura ba ta manta da murhu ba, ba a gaya mata ba ne.

Na biyu. Inna, mahaifiyata, ta tsufa tana suya daidai wurin nan, cikin rumfar zana da kuka rushe. Yau masu katin waya ke miƙe ƙafa a inuwa, ita tana rana da hawan jininta. Ga damina ta ƙarato. Ka san abin da ɗigon ruwa ke yi wa hannu in ya faɗa tafasasshen mai?

Roƙona bai da yawa. Ka sake lissafin da wuta a ciki, ka buɗe wa hayaƙi kafa ta gefe guda. In ba zai yiwu ba, a bar mata masu suya su mai da zanarsu.

Allah shi ƙara maka basira, shi tsare ka da zafin rana. Amma kar ka kira ni gefe. Ka zo ranar kasuwa, ka riƙe lasifika, ka faɗa wa Inna da bakinka: ina za ta girka kaskonta kafin ruwan fari?

Wassalam.

Ɗan mai suyar kifi, Bagudo.