Kaset ɗin Rakiya, Gefe na Biyu

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Yau Alhamis ce, cikin watan Rajab, ina ɗakina na unguwar Darrasa a Alƙahira. Ƙirjin ya ɗan lafa tun safe, amma ƙafafun sun kumbura, ko masallaci ban iya sauka ba. Ni Atiku ɗan Gidaɗo nake rubuta wannan da hannuna. Hankalina yana tare da ni sarai, babu wanda ya tilasta ni. Na shaida babu abin bautawa da gaskiya sai Allah, Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Manzonsa ne. Zuwa ga 'ya'yana: babbanku da ke unguwar Ma'adi, Ummukulthum a Kaduna, da Ukasha a Giza, tsallaken kogi.

Na ɗaya. Idan ta Allah ta kasance, ku binne ni a nan Alƙahira, kusa da mahaifiyarku Rakiya gwargwadon yadda ya samu. Kada ku wahalar da gawata da jirgi. Na zo garin nan ina saurayi da niyyar in yi karatu in koma, sai ga shi gemuna a nan ya yi fari. Gida yanzu a barcin rana nake zuwa, kuma ina samunsa yadda na bar shi, har da tsamiyar ƙofar makarantarmu.

Na biyu. Abin da na bari kaɗan ne, ku raba shi yadda Allah ya raba. Littattafan fiƙihu da nahawu a ba ɗaliban gida da ke haya a benen ƙasa. Tsohuwar rikodata ta Ukasha ce, shi ya san yadda ake lallaɓa ta.

Na uku, kuma don shi na ɗauki alƙalami. Kaset-kaset ɗin da ke cikin akwatunan ƙarƙashin gadona na bayar da su ga ɗakin adana tarihi na jami'ar da ta neme su, ta hannun Dakta Wijdan, wadda ke kula da wurin.

Kun tashi kuna ganinsu kamar tarkace, don haka bari in faɗa muku mene ne. Lokacin da nake aikin fassara a gidan rediyo, duk hutu nakan ɗauki rikoda in bi mutanenmu, a nan Masar da kuma Sudan. Jikokin waɗanda suka taho aikin Hajji a ƙafa ne, hanya ta ajiye su a bakin Nilu. Na tambaye su yadda zama ya kasance. Wani an haife shi a ƙasar, an haifi ubansa a ƙasar, amma ya tsufa yana neman takardar zama ɗan ƙasa. Wata ta gaya mini sunan da yara ke bin ta da shi a kasuwa saboda baƙin fatarta, tana faɗa tana dariya, sannan ta yi shiru mai tsawo. Shirun ma yana cikin kaset. Akwai kuma waɗanda suka ba da labarin maƙwabtan kirki da suka tsaya musu ranar da ba kowa. Kusan duk sun rasu. Idan na kishingiɗa bayan azahar nakan ji kamar akwatunan suna ƙus-ƙus, kamar ayari ya sauka a ƙarƙashin gadona yana hutawa kafin ya ci gaba da tafiya gabas.

Bara Ukasha ya kai ni na ga ɗakin. Sanyi ne a ciki kamar na asuba, kwalaye jere har sama, ana taɓa takardu da farin safar hannu. Suna tara abin da ya shafi gwagwarmayar baƙar fata da neman haƙƙi, da yadda masu launin fata daban-daban suka zauna da juna: hotunan masu zanga-zanga daga ƙasashe masu nisa, wasiƙun fursunoni, jawaban da aka naɗa. Na daɗe a gaban hoton wata mata riƙe da takalmanta a hannu, tana tafiya cikin taro. A ƙasa an rubuta cewa ba a san sunanta ba. Tun ranar take zuwa mini a mafarki, tana tafe a gefen kogi, ina kira ba ta waiwayo, don ban san da me zan kira ta ba.

Saboda haka sharaɗina ɗaya ne, kuma Dakta Wijdan ta yarda da shi da farin ciki: kowace murya a ajiye ta da sunan mai ita da sunan garinsa. Waɗanda na tuna na faɗa mata. Sauran, Ummukulthum, ke kika yi zaman Sudan wurin kakarki, kin san dangin. Ki taimaka mata ko ta waya ce.

Na huɗu. Bashin da ke kaina ba na kuɗi ba ne. Wata tsohuwa mai suna Fatna ta yarda na naɗi muryarta bisa alkawarin jikokinta za su ji. Jikanta Bakri yana sayar da turare kusa da babban masallaci. Ukasha, a kwafa masa kaset ɗinta kafin akwatunan su fita daga gidan nan.

Na biyar. Kaset ɗaya na cire daga kyautar, wanda mahaifiyarku ta yi magana a ciki. Hukuncinsa yana hannun babbanku.

Gidaɗo. Ka ga na rubuta sunan. Ka duba duk takardun da na taɓa aiko maka, ba za ka same shi ba sai yau.

Ranar addu'ar bakwai ta mahaifiyarka, Ummukulthum ta sa kaset ɗin don mu ji muryarta. A ciki na tambaye ta 'ya'yanta, ta ce Ummukulthum da Ukasha, sai kuma wancan. Ka tashi ka fita. Daga baya ka gaya wa Ukasha cewa dama ka sani, tun kana ƙarami ba ta kiran sunanka, ba ta rungumar ka a gaban mutane, kuma ka san dalili: kai ne ka fi kowa duhu a gidan. Ka ce ƙanwarka da gangan ta sa shi, ka daina ɗaukar wayarta. Ka kuma rantse ba za a kai wa masu bincike muryar uwar da ta ji kunyar ɗanta ba. Duk lokacin da na ɗauko zancen sai ka ce da Larabci ma'alish Baba, khalas, wato in yi haƙuri, ya wuce, ka shiga tambayata magani.

Kunya ce, gaskiyarka, amma ba irin wadda kake nufi ba. A makarantun Alƙahira ka girma, inda uwa ke kiran ɗanta da ƙarfi daga saman bene, tana sumbatarsa a bakin titi. A wurinmu mace mai tarbiyya ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta nuna sonsa a idon jama'a. Ga shi kuma sunan mahaifina ka ci, surukinta, wanda ko a ɗaki ita kaɗai ba za ta furta ba. Haka uwarta ta yi, haka tawa ta yi wa yayana. Abin da ya fi nauyi a zuciya shi baki yake kewaye wa.

Gefe na farko kawai ka ji. A gefe na biyu ta ba da labarin wani yaro, haka ta ce, wani yaro, da aka kai makaranta, yara suka taru suna goga masa hannu da jiƙaƙƙen tsumma su ga ko baƙin zai fita. Ta ce uwar yaron ba ta iya Larabcin Masar da za ta yi faɗa da shi ba a lokacin, sai ta riƙa zuwa kullum tana tsayawa a tsallaken titi, bayan keken mai sayar da wake, tun shiga har tashi, shekarar nan gaba ɗaya. In an tashi ta bi shi daga nesa har gida, ta riga shi shiga ta ƙofar baya, ya same ta tana tankaɗe kamar ba ta je ko'ina ba. A kaset ɗin na tambaye ta ɗan wane ne. Ta ce: "Malam, kai ma ka cika tambaya. Kashe abin nan."

Ban isa in sa ka yarda da bakina ba, na gwada. Ka saurara da kunnenka. Idan ka ji, ka ga dama ka kai shi jami'a da hannunka, ka sa su rubuta sunanta, Rakiya, da sunan yaron. Ka ga dama ka riƙe shi a gidanka. Abin da ban yafe ba shi ne a hallaka shi ba ka ji ba.

Na shida. Ka kira ƙanwarka. Ba ta san abin da ke ranka ba ranar nan, muryar uwarta kawai take marmari. Ummukulthum, idan ya kira, kada ki tsaya jiran ban haƙuri, ki tambaye shi yara. Ukasha, ka gaji da kai saƙo tsakaninsu, na sani, Allah ya biya ka.

Ku riƙe salla, ku riƙe juna. Ku koya wa 'ya'yanku Hausa ko da ta gaisuwa ce, don ranar da suka shiga ɗakin nan mai sanyi su gane masu magana. Kada kogi da hamada su zame muku dalilin rabuwa, kakanninku a ƙafa suka ƙetare su. Na yafe muku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya haɗa mu da ita a gidan da ba a tambayar kowa launinsa.

Mahaifinku,
Atiku

Na ƙara wannan gab da magariba. Na aika maka ka zo yau, ka ce in sha Allah bayan aiki. Na dafa shayi, na jawo maka kujera kusa da taga. Na ɗan yi gyangyaɗi, na ga mahaifiyarka a tsallaken titi da mayafinta mai ruwan ƙasa, tana kallon ƙofar gidan nan. Duk takun da na ji a matakala sai ya wuce sama. Ba ka zo ba. Kaset ɗin yana cikin rikoda, na juya shi, na tsayar daidai inda take farawa. Maɓalli ɗaya za ka danna.