Na ce ban san wanda ya zana ta ba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dattijo ne na haura saba'in, kuma ƙaryar da na yi da bakina ce ta hana ni sakat.

A shekarun alif ɗari tara da saba'in ina tuƙa babbar mota daga Maiduguri zuwa Njamena, wani lokaci har Sudan. Ina da amini, bari in kira shi Ba Modu, ɗan gidan malamai ne a unguwar Limanti ta Maiduguri. Aikinsa rubuta allunan shaguna da fentin jikin motoci a wani gareji a Bolori, furanni da dawisu da ayoyi, wannan kowa ya sani. Abin da ba a sani ba shi ne yana zana mutane a takarda, masu tallar kifi, mata a bakin famfo, kai ka ce za su yi magana. Na ga masu zane a Njamena, sa hannunsu ya kusa fin zanen girma, na ga na Khartoum suna baje nasu a titi, shi kuwa ko harafi ɗaya bai taɓa sawa ba. A gidansu zanen mai rai haramun ne, shi ya sa a ɗakina na unguwar Fezzan yake ajiyewa. Da ciwon ajali ya kwantar da shi a farkon shekarun casa'in ya riƙe hannuna ya ce, Alhaji, kada sunana ya fita ko bayan raina. Na ce na ɗauka.

Bara wasu ɗalibai masu tara tsofaffin hotunan Barno a intanet suka zo wurina. Gara ta fara cin takardun, sai na ba su suka ɗauki hotonsu suka sa a intanet. Da suka tambayi mai zanen, na ce ban sani ba, tun zamanin Turawa ne, tsinta na yi. Ashe da wannan maganar suka rubuta cewa haƙƙin mallaka ya ƙare, kowa na iya ɗauka ya yi abin da ya ga dama. Ni wallahi na zaci kallo kawai za a yi.

To a ciki akwai zanen matarsa tana amarya, kai ba ɗankwali, da kitsonta na Barebari da tsagar fuskarta. Yanzu wani mai sayar da humra a Legas ya manna fuskar a kwalabensa. 'Yata ce ta nuna mini a waya tana cewa Baba dubi kyakkyawa. Matar nan tana raye, Hajiya ce mai jikoki, babban ɗanta limami ne.

Na kira shugabar ɗaliban na yi mata faɗa sosai, ita ma ba ta raga mini ba, ta ce Baba kai ka ce ba ka san mai shi ba, mu abin da ka faɗa muka rubuta. Ta ce doka na kare zane shekara saba'in bayan rasuwar mai shi, wato nasa da saura da yawa, amma kafin su cire kuma a tsayar da mai humrar sai an kawo sunan mai zanen, da shekarar rasuwarsa, da takarda daga magadansa. Na ce ni na ba ku, ku dawo mini da abina. Ta ce takardun nawa ne, haƙƙin ba nawa ba ne. Na yi mata bayani da Hausa, na koma Barbarci, har Turanci na yi, amsar ɗaya ce.

Ku duba inda na tsaya. In na yi shiru na cika alkawari, amma fuskar iyalinsa na yawo a kasuwa. In na buɗe baki sai na zauna gaban ɗansa, wanda nake bin sallarsa, in ce masa babanka ya zana babarka ba lulluɓi, kuma ni na miƙa wa duniya.

Me zan yi? In fara zuwa wurin Hajiyar ita kaɗai, tunda ita ta zauna aka zana ta, ko in tunkari ɗan? Ku amsa mini da wuri don Allah, wata jikarta na sana'ar humra a unguwarmu, kuma jiya na ji tana cewa ta yi odar sababbin kaya daga Legas.