Sifirit ɗin Kafintoci a Shagon Aski

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya ƙarfin jiki, yaya ciwon gwiwar nan? Ina fatan Inna ma tana lafiya.

Baba, kwana huɗu ke nan ban taɓa kan kowa ba. Mai shago ya ɗauke ni daga kujerata. Dalili kuwa, ya kawo wata jarkar sifirit ya ce mu zuba a kwalaben da muke shafa wa mutane bayan aski. Ina buɗe murfin sai na ji kamar ina tsaye a shagonka na kafinta. Wannan shi ne wanda kake goge katako da shi, wanda ka taɓa fizge min kunne don na wanke hannu da shi. Na faɗa masa. Ya ce duk sifirit sifirit ne, in ya yi zafi ma ya fi kashe cuta. Dogo, abokin aikina, har da dariya, wai ɗan kafinta ya zama likita. Na ce ni kam ba zan shafa wa mutum ba. Ya ce to ga ƙofa.

Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba. Ka sa ni a addu'a.

Ɗanka,
Auta

Zuwa ga Baba,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku kai da Inna, albishirinka! Na koma kujerata.

Ka san ni da taurin kai, gado ne. Washegarin ranar da na rubuto maka na zagaya bayan shago, na tono takardar da mai shago ya ɓare daga jikin jarkar. Har da hoton ƙoƙon kai a jiki, amma wai ba mu gani ba. Na kai wa mai shagon magani na tsallaken titi, wanda shekara uku ni nake masa gyaran fuska.

Ya sa tabarau ya karanta, sai ya kama baki. Ya yi min bayani cewa sifirit iri biyu ne, kuma duka biyun an zuba musu wani abu don kada mutane su sha. Na shafawa a jiki, ɗan abu mai ɗaci kawai aka sa, bai wuce ya busar da fata ba. Na kafintoci kuwa akwai guba a ciki, tana iya bi ta fata, balle inda reza ta karce, kuma ido take fara taɓawa. Mu da muke tsoma yatsu a ciki daga safe har yamma mun fi kowa shiga haɗari. Nan take na tuna yara nawa ake kawo mana ranar hutu.

Bai tsaya nan ba. Ya rufe shagonsa da rana tsaka, ya shiga namu, mutane cike da benci, ya ajiye takardar a gaban madubi. Dogo ya ba ni labari, wai wani da aka yi wa rabin aski ya miƙe ya tafi da rabin kansa haka. Mai shago ya rasa inda zai sa fuskarsa. Kafin la'asar ya aiko Dogo gida ya kira ni, Dogon da ya gama min dariya, yana ta sosa ƙeya.

Na tarar an wanke kwalabe an kife. Jarkar mun ba kafintan da ke layinmu, can ne gidanta. Yanzu ni nake sayo sifirit, kuma sai na karanta takarda tukuna. Baba, wallahi na ji daɗi, har na yi tafiya kamar ƙasa tawa ce.

Jiya mai shago da kansa ya zauna a kujerata na yi masa aski. Na jiƙa auduga zan shafa masa, sai ya yi caraf ya riƙe min hannu, ya ce a hankali, "Auta, wanne ne wannan?"

Na bar shi ya ɗan jira kafin na nuna masa kwalbar.

A gaishe da Inna da yayyena.

Ɗanka mai kujera,
Auta