Ciwon da Kika Kira So

Getso, Lahadi

Assalamu alaikum Yaya Rahama. Ya gida, ya su Inna Asibi, ya hidimar biki?

Baba ya karɓe wayata tun ranar da aka maido ni daga gidanku, shi ya sa na ba Hajaratu mai man gyaɗa wannan takarda.

Ke kaɗai na gaya wa zuciyata na dukan tara-tara, ina ci ina ramewa. Ranar da hannuna ya yi rawa na zubar wa Zayyad ɗinki shayi, kika tara matan gida kika ce son angonki ke cina, wai haka ake rubutawa a littattafan da nake karantawa. Ni kaina sai da na zargi zuciyata, na yi ta istigfari.

An gwada jinina a asibiti a Gwarzo. Likita ta ce a wuyan kowa akwai wata 'yar tsoka mai siffar malam-buɗe-littafi, tana zuba wani sinadari cikin jini, shi ke gaya wa zuciya saurin da za ta yi. Wata kamar ƙwayar wake a ƙasan ƙwaƙwalwa ke ba ta umarni. Ta wuyana ta daina jin magana, tana zubawa ba ƙaƙƙautawa. Ciwo ne, kuma yana da magani.

Ga kwafin takardar likita. Ki tara matan nan a tsakar gidan da kika kunyata ni, ki gaya musu da bakinki. Sunana nake so ki maido min.

Ki gaida kowa.
Ƙanwarki, Zinnira

Masanawa, Alhamis

Wa alaikumus salam Zinnira. Sannu da jiki, Allah ya ƙara sauƙi.

Wallahi na karanta takardar likitar, na kuma gane. Amma ke ma ki duba, saura kwana tara biki. In dangin Zayyad suka ji na yi wa 'yar ƙanin babana ƙazafi, da wace fuska zan shiga gidansu? Ki bari a gama, sai na faɗa wa Inna Asibi a ɗaki. Maganar ma ai ta fara mutuwa. Ankonki na nan na ajiye miki.

Ki gaida Baba.
Yayarki, Rahama

Getso, Asabar

Salamu alaikum Yaya. Ya gajiya?

A wajenki maganar ta mutu. Ni har yau ko rijiya ba na iya zuwa.

Kwafi biyu na yi. Da na ga amsarki, na aika wa mahaifiyar Zayyad ɗayan, tare da bayanin komai. Ta aiko min da zuma, tana min sannu. Ta ce a gaya miki tana son ganinki ranar Litinin, ke kaɗai.

Ki huta lafiya.
Zinnira